Tara Kuɗi Don Maganin Da Majinyacinka Ba Zai Sha Ba



Wata magana ce ta hana ni sakat tun makon jiya, na ga gara in shimfiɗa ta a nan mu duba tare. Yau gida ɗaya ta shafa a nan Sabo, gobe kuwa ba wanda ya san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Akwai wani dattijo cikinmu, tsohon ɗan kasuwar goro, wanda ba zan ambaci sunansa ba don sutura. Ciwon kai ne ya fara damunsa, aka ce gajiya ce. Daga nan sai mantuwa, har lissafin huhun goro da ya shekara arba'in yana yi da ka ya soma kuɓuce masa. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga aka kai shi asibiti, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka ga ƙari. An yi aiki, an yi gashi, ya sha ƙwayoyi. Ya ɗan samu sauƙi na wasu watanni, sai abin ya dawo. Jama'a suka yi karo-karo don a fitar da shi waje. Kafin a yanki tikiti likitoci suka zaunar da iyalinsa suka faɗa musu gaskiya: tafiyar ba za ta sauya komai ba, abin da ya rage shi ne a rage masa raɗaɗi, a kula da shi.

Kuɗin na nan a ajiye. Shi dattijon, a ranar da hankalinsa ke garau, ya ce da babban ɗansa: "In waɗanda suka bayar sun yarda, a kai wa masu binciken wannan ciwo. Ni na wuce, amma wani na tafe." Ɗan ya riƙe maganar, har ya ƙudurta zai ci gaba da neman gudummawa a kan haka. Ƙanen dattijon kuwa ya ce sam. A gabana ya ce masa: "Kai yaro, ubanka na kwance da ransa kana rabon kuɗin maganinsa? Wa ya ba likita mabuɗin ajali?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: "Baffa, ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa." Daga baya ya same ni ni kaɗai ya ce: "Malam, don Allah, abin nan da nake son yi alheri ne, ko kuwa na yanke ƙauna ne ban sani ba?"

Tambayar ke nan. Mutum ya tashi yana tara kuɗi don binciken ciwon da ya riga ya san zai tafi da nasa, daidai ne? Amsata ita ce daidai ne, har ma yana cikin kyawawan abubuwan da mai baƙin ciki zai iya yi da baƙin cikinsa. Amma akwai tsari, kuma baffan nan ba shirme yake yi ba. Mu bi ta sannu.

Mu fara sanin abokin gabar. Ba kowane ƙari a ƙwaƙwalwa ne kansa ba. Akwai waɗanda ake cirewa mutum ya warke ya koma kasuwarsa, don haka kada wani ya ji an ce ƙari ya ɗauka an yanke masa hukunci. Wanda ya kama dattijonmu shi ne wanda likitoci ke kira giliyobilastoma, mafi tsananin kansar da ke tsirowa a ƙwaƙwalwar manya. Abin da ya sa yake da wuya, ba dunƙule yake wuri ɗaya kamar ƙwallon goro a cire a huta ba. Yana yaɗa 'yan saiwoyi cikin lafiyayyen nama, waɗanda ido ba ya gani, likita kuma ba zai iya bin su da wuƙa ba tare da ya taɓa magana ko motsi ko hankalin mutum ba. Sannan Allah Ya yi wa ƙwaƙwalwa wani shinge tsakaninta da jini, mai hana guba shiga. Wannan shingen da ke kare mu, shi ne kuma yake tare yawancin magunguna a bakin ƙofa. Ciwon bai san mai kuɗi ba, bai san mai mulki ba. Shi ya yi ajalin Sanata Edward Kennedy na Amurka a 2009, da Beau ɗan Joe Biden a 2015, da Sanata John McCain a 2018. Waɗannan kuwa ba asibitin da ya fi ƙarfinsu a duniya.

To, sai mu zo kan maganar baffa: wa ya ba likita mabuɗin ajali? Babu. Likitan kirki ma ba ya da'awar haka. In ya ce watanni kaza, lissafi yake ba ka na abin da aka gani a kan ɗaruruwan masu irin ciwon, kamar yadda tsohon ɗan kasuwa zai dubi goro ya ce wannan ba zai kai wata biyu ba. Galibi yakan dace, wani lokaci kuma ya kuskure. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kwanta ciwo a Makka shekarar Hajjin Bankwana har ya fitar da rai, yana da 'ya ɗaya tak. Ya tashi, ya rayu shekara arba'in da wani abu, ya haifi 'ya'ya da yawa. Saboda haka addu'a ba ta tsayawa, fata ba ta yankewa. Amma ku lura, lokacin da Sa'ad ya ga alamar tafiya, shirin dukiyarsa ya shiga yi, ba a kuma ce masa ya yanke ƙauna ba. Gyara masa adadin kawai aka yi. Wanda ya shirya don abin da ya fi rinjaye, yana kuma roƙon Allah abin da ya fi so, bai saɓa wa tawakkali ba. Haka muke yi kullum: mu ɗaure kaya tamau a kan mota, sannan mu ce Allah Ya kiyaye hanya.

Akwai kuma wani abu da muka taso muna ji a karatun hadisi, cewa kowace cuta Allah Ya saukar da maganinta, wasu sun san shi, wasu ba su sani ba. Mu kan kawo wannan don mu kwantar wa majinyaci hankali, kuma daidai ne. Sai dai akwai ɗawainiya a cikinsa da ba mu cika dubawa ba. In maganin yana nan ba a gano shi ba, to wa zai nemo? Ba saukowa zai yi cikin kwali ba. Mutane ne za su zauna shekara da shekaru suna gwadawa, suna faɗuwa, suna sakewa, kuma sai an ciyar da su an saya musu kayan aiki. Shi ya sa Imam Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan da in wasu suka ɗauka sun sauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Magabata sun gane haka da dukiyarsu. Asibitin Nuri na Dimashƙa da aka gina a 1154, da asibitin Mansuri na Alƙahira na 1284, da waƙafi aka riƙe su, ana jinya ana kuma koyar da likitoci a ciki. A Dimashƙan nan Ibn Nafis ya yi karatu, wanda ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su kai ga haka. Waɗanda suka yi waƙafin ba su san shi ba, ba su kuma san mu ba.

Bari in kawo muku misali daga jikin dattijonmu kansa. Ƙwayar da ya sha tare da gashi, sunanta temozolomaid. A Jami'ar Aston da ke Birmingham a Ingila aka haɗa ta cikin shekarun 1980, a hannun wani masani Malcolm Stevens da abokan aikinsa. Wata ƙungiyar agaji ta yaƙi da kansa ce ta ɗauki nauyin aikin, ita kuwa da gudummawar jama'a take rayuwa: mai jefa sulalla a gwangwani, da mai barin wasiyya, da wanda ya binne nasa ya ce kada wani ya sha abin da na sha. A 2005 aka fitar da sakamakon babban gwaji a kan majinyata 573 ƙarƙashin jagorancin Dakta Roger Stupp. Masu gashi kaɗai, tsaka-tsakin rayuwarsu wata 12.1 ne. Waɗanda aka haɗa wa da ƙwayar, wata 14.6. Waɗanda suka kai shekara biyu kuwa sun tashi daga kimanin 10 cikin 100 zuwa 26 da ɗoriya.

Na san wani zai ce, haba Malam, duk wannan ɗawainiya don wata biyu da rabi? Je ka tambayi gidan da aka samu wata biyu da rabin. A cikinsu dattijonmu ya aurar da 'yarsa ta ƙarshe, ya kira waɗanda ke binsa bashi ya sallame su, ya nemi gafarar wanda suka shekara goma ba sa gaisawa. Wasu baƙi ne a wata ƙasa, da ba su san akwai Sabo a duniya ba, suka saya masa waɗannan kwanaki da izinin Allah, su kuma nasu majinyatan ba su sha ƙwayar ba, don ba ta iso ba sai bayan sun tafi. Mun ci 'ya'yan itacen da wani ya dasa. To da wane baki za mu ce dasawa wauta ce?

Kuma bincike yakan yi tafiyar hawainiya ne sannan wata rana a waiga a ga an yi nisa. Kansar jini da ta fi kama yara, a farkon shekarun 1960 ba a samun ko 10 cikin 100 da ke tsira. Yau a ƙasashen da ke da kayan aiki kusan 90 cikin 100 suna warkewa. Ba dare ɗaya aka yi ba, kuma yaran farko da aka gwada magungunan a kansu mafi yawansu ba su rayu ba. Iyayensu sun yarda ne don 'ya'yan wasu.

Irin abin da ɗan dattijonmu ke son yi, an yi shi a idon duniya. Tessa Jowell tsohuwar minista ce a Birtaniya, tana cikin waɗanda suka kawo wasannin Olamfik na 2012 birnin Landan. A watan Mayun 2017 aka gano tana da wannan ciwo. Ranar 25 ga Janairun 2018 ta miƙe a majalisar dattawan ƙasar, jiki ya riga ya yi rauni, ta roƙi a ƙara kuɗin bincike, likitocin ƙasashe su riƙa musayar abin da suka gano, a kuma buɗe wa majinyata ƙofar shiga gwajin sababbin magunguna. 'Yan majalisa suka miƙe tsaye suna tafa mata, abin da ba al'adar wannan zaure ba ce. Ta rasu ranar 12 ga Mayun 2018 tana da shekara 70. Gwamnati ta yi alƙawarin fam miliyan 40 don binciken ƙarin ƙwaƙwalwa, 'yarta kuma ta ci gaba da aikin da sunanta. Matar nan ta san sarai ba ita za ta amfana ba. Amma ku riƙe ƙarshen labarin, don akwai darasi: bayan shekara biyar wani rukunin 'yan majalisa ya bi sawu, ya tarar abin da aka fitar cikin kuɗin bai kai rabi ba. In a can sai an bi sawu, ina ga nan?

Yanzu ga ƙorafin da ya fi kowanne nauyi, wanda wata hajiya mai sayar da atamfa ta kawo mini. Ta ce: "Malam, mu da muke da mai ciwon da ko kuɗin hoto ba shi da shi, mu ne za mu tara wa masu ɗakin gwaji? Wanda ke nishi a gabanka ai ya fi wanda ba a haifa ba." Wallahi maganarta tana da ƙarfi, kuma a mafi yawan lokuta ita ce da gaskiya. In naira dubu goma ce a hannunka, ga maƙwabci da ita za ta tsaya tsakaninsa da kabari, ba sai ka tambayi malami ba. Mai yunwar yau yana gaban mai yunwar baɗi. Sai dai manomi ko a shekarar fari ba ya cinye iri duka. Al'ummar da duk abin da ta tara a jinya yake ƙarewa, za ta dawwama tana jiran wasu su nemo mata magani, ta saye shi da tsada, a makare. Ba cewa nake a raba biyu ba. Ko kashi ɗaya cikin ashirin ne, a ware wa iri.

Kada kuma mu ɗauka bincike sai Turai. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan nan kusa da mu. A nan Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a 1962. A nan Dakta Victor Anomah Ngu ya yi aiki a kan kansar nan mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, aikin da ya sa Ngu ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972. Yaran ƙasar nan ne aka yi jinyarsu, duniya ta ƙaru. Sannan mafi yawan binciken ƙwayoyin halitta da ake gina sababbin magunguna a kansa, a jikin Turawa aka yi shi. In ba a rubuta yadda ciwon ke kama namu ba, ba a adana samfurin da aka ciro an auna ba, to za a ci gaba da ɗinka mana riga da awon wani. Kuɗinmu ba zai gina katafaren ɗakin gwaji ba, gaskiya ne. Amma zai iya biyan awon samfurin majinyaci goma, ko kuɗin motar masu dawowa a duba su, ko ya tallafi ƙaramin likita mai tattara bayanai. Da irin waɗannan ƙananan abubuwa bincike ke tsayawa da ƙafarsa.

Duk da haka na gaya wa yaron nan sharuɗɗa, kuma ina maimaita su ga duk wanda zai bi sawunsa.

Na farko, majinyaci ne gaba. An ce ba magani ba ya nufin ba kulawa. Akwai maganin raɗaɗi, da na jijjiga, da na rage kumburi, da katifa mai kyau, da mai juya shi kada ya yi gyambo. Kada a taɓa ko kwabo don bincike sai an tabbatar waɗannan sun wadata har ƙarshe. A nan baffa ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari.

Na biyu, bashi da magada. In dukiyar majinyacin ce, a fara biyan bashi. Kyautar mai ciwon ajali da wasiyyarsa ba sa wuce sulusi, kamar yadda aka iyakance wa Sa'ad, aka kuma nuna masa barin magada da abin hannunsu ya fi barinsu suna roƙo. Kada zafin rabuwa ya sa a yi sadaka da abincin marayu.

Na uku, kuɗin jama'a amana ne. An karɓa da sunan fita waje, to ba mai ikon juya shi wata hanya sai da yardar masu shi. A koma musu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce a mayar masa, a mayar masa ba tare da ɓata fuska ba. Wanda za a nema sabo kuma a gaya masa ƙarara: wannan ba zai warkar da Baba ba, don na baya ne. A buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, a san sashen da za a kai wa da aikin da za a yi, a karɓi rasit, a karanta lissafi a bainar jama'a. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma a bayar daga sadaka, don mafi yawan malamai ba sa ganin irin wannan cikin wuraren da ake kai zakka.

Na huɗu, sutura. Kada a ɗauki hoton dattijo yana kwance ba ya cikin hayyacinsa a yi ta yawo da shi a wayoyi don a motsa zuciyar mutane. Mutuncinsa ya fi abin da za a tara.

Na biyar shi ne wanda na fi ji wa yaron tsoro. Wani lokaci mutum yakan tsunduma cikin hidima ne don ya guje wa ɗakin da majinyaci yake. Zirga-zirga da lissafi da kiran waya sun fi sauƙi a kan zama kusa da mahaifin da ya soma manta sunanka. Na ce masa: "Ɗana, bincike zai jira ka shekara ashirin, Baba ba zai jira ka ba. Zauna ka riƙe hannunsa, ka karanta masa abin da ya saba ji. Asusun ka bar wa abokanka su riƙe maka tukuna." Ya yi shiru, sai hawaye.

Da aka koma wa masu gudummawa, mafi yawa sun ce a ci gaba. Wasu kaɗan sun ce a ba wani majinyaci da ke jiran aiki, aka kuwa ba shi, kuma ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Baffa bai ce ya yarda ba har yanzu, amma shi ne ke kwana a ɗakin yayansa, shi ke ba shi ruwa da cokali. Ni a ganina shi da yaron aiki ɗaya suke yi, kowa ya kama gefensa.

Mu da muka baro garuruwanmu muka zauna a nan, mun fi kowa sanin wannan magana. Sabon nan tun 1916 aka kafa ta. Masallacin da muke sallah, da rijiyar da aka haƙa, da amincin da muka tarar tsakaninmu da masu gari, wasu ne suka yi wahalarsu, da yawansu ko sunansu ba mu sani ba. An koya mana cewa ko tashin duniya ya zo mutum yana riƙe da dashe, in da hali ya dasa shi. Dattijonmu yana kan gadon da likitoci suka ce ba zai tashi ba, abin da ya fara tunawa shi ne wanda ke tafe bayansa. Allah Ya sa a mizani.

Wanda ke fama da ciwon kai mai ƙaruwa kullum, musamman da asuba tare da amai, ko jijjiga ta fara masa da girmansa, ko gani ko magana ko hali ya sauya, ko gefen jiki ya yi sanyi, don Allah a kai shi asibiti da wuri, a haɗa da addu'a. Yawancin ciwon kai ba ƙari ba ne, amma gani ya kori ji.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Wanda kwanansa ya ƙare Allah Ya sa ya cika da imani, Ya ba iyalansa haƙuri. Allah Ya buɗa wa masu neman magani, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Ku sa dattijon nan cikin addu'arku ta yau.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.